Hanyar da Inna Ta Nuna wa Ruwa

Dim. Dim. Dim.

Sau uku Inna take buga madaɓinta a ƙasa, kuma duk lungun da muke a gidanmu na Wurno sai mun ji. Madaɓi ice ne mai faffaɗan baki da mata suke daɓe ƙasan ɗaki da shi, amma nata ya daɗe da barin wannan aikin. Ya yi baƙi, ya yi sulɓi, har wurin riƙon ya lotsa daidai yatsunta. Abin da ya rage masa a duniya shi ne kiran jikoki. Da an idar da sallar magariba a lokacin sanyi, sai ta jawo 'yar kujerarta bakin murhu, ta tura karan dawa cikin wuta, ta binne ƙananan albasa a toka, sannan ta buga. Kafin ƙara ta uku ta mutu mun iso, ni da yayata Rabi da ƙanwarmu Nana, muna jan tabarma ɗaya kowa ta gefenta.

Har yau in na ji ƙamshin albasa tana gasuwa a cikin ɓawonta, sai in ji kamar gwiwata tana gogar gwiwar Inna. Ina tuna yadda wuta take lasar gefen fuskarta, rabi haske rabi inuwa, da yadda hayaƙi yake tashi ya tsaya kaɗan a ƙarƙashin dalbejiya kamar shi ma yana son ya ji.

Inna ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke yi. Hannun hagu take ɗagawa kamar ta jefa wani abu sama, ta bi shi da ido, ta ce, "Ga ta nan ta tashi."

Mu kuwa mu haɗa baki, "Mun tare ta!"

Tana da tatsuniyoyi na dabbobi da na aljanu kamar kowace kaka, amma wadda muke nacewa a kanta ita ce ta Mai Rariya. Mai Rariya kakanmu ne, mijinta, wanda ya rasu kafin a haife ni. Duk garin sun san shi da Malam Ummaru Tanis. Amma Inna, kamar matan zamaninta, ba ta taɓa kama sunan mijinta ba, yana raye ko bayan ransa. Ko maƙwabcinmu mai wannan suna, sai dai ta ce masa "mai sunan Malam." Da yake ba ta iya faɗin sunansa, kuma ba ta iya yin shiru a kansa, sai ta saka shi cikin tatsuniya. Rariyar kuwa tana nan rataye a bangon ɗakinta: tsohon raket na buga tanis, na katako, da aka saƙa da zaren masunta.

"Rariya mai wutsiya," in ji Inna. "Ba ta tankaɗe gari, iska ɗai taka tankaɗewa."

Wai an yi wani dogon mutum, ɗan manoma daga Kwargaba, da aka tura Sakkwato ya koyi aikin koyarwa. Wata rana da yamma ya ga malamansa biyu suna buga wata 'yar ƙwallo a tsakaninsu, raga ta raba su. Ya tsaya kallo har abincinsa ya huce. Kashegari ya sake tsayawa. A rana ta huɗu ɗaya daga cikinsu ya miƙa masa raket ya ce tunda ba zai daina tsayuwa ba, gara ya tsaya a ciki. Daga ranar bai ƙara ajiye shi ba. Da ya gama karatu aka turo shi Wurno ya koyar, ya iso da akwatin littattafai a ka, raket a hammata.

Mutanen gari sun yi ta dariya. Babban mutum da gemu, malamin makaranta, yana bin lemun tsami da rariya a rana! Shi dai bai kula ba. Ya je Goronyo ya roƙi tsohon taru a wurin masunta ya yi raga da shi. Ya ari fili a bayan katangar gidanmu. Layukan filin kuwa da tokar murhun Inna yake ja su, kowace safiya sai ta tankaɗe masa ƙwarya guda. Sannu a hankali ɗalibai suka fara zuwa, 'ya'yan manoma da 'ya'yan ma'aikata baƙi. Yana da nasa salon koyarwa. Wanda ƙafarsa take da nauyi, sai ya kai shi fadama ya sa shi tsallake fangalin albasa da gudu, sharaɗin shi ne kada ya taka ganye ko ɗaya. Wanda bai iya bugun farko ba, sai ya ce masa ya yi kamar yana jifar tsuntsu a gonar gero. Inna ta ce manoman fadama sun yi ta kawo ƙara, amma ba a taɓa kawo mata ganyen da aka taka ba.

Wannan duka shimfiɗa ce. Ainihin tatsuniyar tana farawa ne da Alhaji Bawa, mai filin, babban manomin albasa. In Inna ta zo kansa sai ta kumbura kumatu, ta dafa ciki, ta sauke murya.

"Malam, ni hwa ban ga amfanin wanga guje-guje ba. Hili na shan rana a banza, albasata na ruɓewa a zaure. Na sa an yi tubali. Ɗakin ajiya za ni ginawa kahin ruwa shi sauka."

Da gaske yake. An riga an jibge tubalin laka a kusurwar gabas ta filin, tsibi guda ya fi tsawon mutum. In aka gina ɗakin, wasan tanis ya ƙare a Wurno, don babu wani fili a kusa da za a ba malamin makaranta ya yi guje-guje a kai.

Mai Rariya ya yi ta roƙo. Ya gaya wa Alhaji cewa akwai wasan da garuruwa uku suke haɗuwa su yi kowace shekara, Wurno da Rabah da Goronyo, amma kullum a Rabah ko Goronyo ake yi, don filin Wurno rairayi ne, ƙwallo in ta faɗa sai ta kwanta kamar ta gaji. In filin ya gyaru, baƙi za su zo. Alhaji Bawa mutum ne mai son a ji sunansa. Ya shafa gemu.

"To ji nan. In baƙin nan sun yarda su taho su yi wasansu nan, a ce hilin Bawa na, na bar maka. In sun ƙi, magina su shiga. Kwana goma na ba ka, don tubalina ba su jiran damina."

Wanda zai yarda ko ya ƙi mutum ɗaya ne: Malam Bulus, malamin asibiti a Goronyo, Kirista mutumin Filato, wanda ya fi kowa iya tanis a wannan yanki, kuma abin da ya ce shi sauran suke bi. Aka aika masa. Ya aiko cewa zai zo ranar Asabar ta sama, ya buga a filin da kansa, sannan ya faɗi ra'ayinsa.

A ranar Mai Rariya ya shigo gida ya kasa cin tuwo.

Inna ta ce, "Nic ce mishi, mi yah hwaru? Yac ce siminti. Ba shi da siminti, kuma ƙwallo ba ta tashi bisa rairayi. Sai nid daki ƙasan ɗaki da diddige, nic ce, wanga hwa? Da siminti anka yi shi?"

Wai sai ya ciro ƙwallo daga aljihu ya sake ta a ƙasan ɗakin. Ta tashi har ƙirjinsa. Ya ƙara sakinta, ta sake tashi.

"Rannan yad dube ni kamar ni ta hedimasta," in ji Inna, tana juya albasa da tsinke.

Shi ya share filin, ya kafa turaku, ya ja igiya. Sannan ya shirya tafiya Sakkwato neman sababbin ƙwallaye, don nasa duk sun yi sanƙo, kuma ba ya son baƙo ya gani. Kafin ya hau mota ya ja wa Inna kunne a kan daɓen filin: a yi shi a shimfiɗe kamar faranti, babu tudu babu kwari.

"Mi kika ce masa, Inna?" Rabi ce mai wannan tambayar kullum, ko da ta san amsar.

"To nic ce."

"To kawai?"

"Ke in mijinki na sauri shi kama mota, wa'azi za ki yi mishi?"

Sai Inna ta bi gida gida ta gayyaci mata daɓe, yadda ake yi in za a gyara ɗakin amarya. Kowace ta nemi izinin maigidanta. Aka kewaye filin da zana don kada maza su leƙa. Jakai suka yi ta kawo jar ƙasa da tsakuwa suna zubewa a bakin zana, mata suna kwasa da kwanduna. Aka jiƙa makuba a manyan randuna, wato ɓawon ɗorawa da ake yayyafa ruwansa a kan daɓe don ya yi ƙarfi ya hana ruwa shiga. Aka dama fura. Inna ta ce tun da aka kafa unguwar ba a taɓa ganin madaɓai da yawa haka a wuri ɗaya ba.

Da matan suka ga girman wurin sai suka riƙe baki. Wata tsohuwa ta kira ta da sunanta ta ce, "Hajo, wane ango na za shi kwana ɗakin da ba jinka?"

"Nic ce mata, ango ba shi da matsala, amaryar ta abin ji. 'Yar mitsitsiya, ga gashi, kuma ba ta zama wuri guda."

Wai har wata ta faɗi zaune don dariya. A nan take suka ƙago waƙar da suka yi daɓen da ita, kuma a nan ne Inna take ɗaukar madaɓinta ta buga ƙasa, mu kuwa mu tafa:

Daɓe, daɓe, ɗakin da babu ƙohwa,
Amarya mai tsalle, ba ta daka, ba ta tuƙa,
In ta yi yaji, a kan katanga taka bi.

Nakan rufe ido a wannan wurin. Sai in ga matan a jere, gwiwa a ƙasa, hannuwa suna tashi tare suna sauka tare, jar ƙasa tana yin duhu a bayansu kamar an shafa mata lalle. Ina ganin kamar ƙasar ce take numfashi. Nana kuwa tashi take ta yi rawa har sai Inna ta ce za ta faɗa wuta.

Kwana uku suka yi. Amma fa matan Wurno ba su taɓa ganin faranti da aka daɓe ba. Abin da suka sani shi ne tsakar gida, kuma babu macen da za ta daɓe tsakar gida ba ta ba ruwa hanyar fita ba, sai in tana son a yi da ita a unguwa. Don haka kowace safiya Inna takan ɗebi ruwa a ƙwarya ta zuba a tsakiyar filin, ta bi shi da ido, ta ce a ƙara ƙasa nan, a rage can. Da suka gama, filin ya ɗan kwanta kaɗan, abin da ido ba ya gani, zuwa kusurwar gabas.

"Don me gabas, Inna?" na tambaye ta wani dare.

"Ni dai ruwa nit tambaya, Balki. Yac ce can zai bi."

Mai Rariya ya dawo ranar Alhamis. Da aka ɗage zana ya ga filin, ja wur, yana ƙyalli, sai ya cire takalmi kafin ya taka. Ya buga ƙwallo ta tashi, ya yi ta dariya shi kaɗai. Sannan ya sunkuya zai gyara turke, ya ajiye ƙwallon a ƙasa. Sai ta motsa. A hankali, babu mai taɓa ta, ta kama hanya ta gangara har ta je ta jingina da tubalin Alhaji Bawa.

Ya dafe kai. Saura kwana biyu, kuma daɓe ba ya gyaruwa a kwana biyu. A saninsa fili mai karkata ba fili ba ne, kuma Malam Bulus ba zai kawo mutanen garuruwa biyu su yi wasa a kan gangare ba. Abokansa malamai suka ba shi shawara ya yi shiru. Ido ba ya gani, suka ce, kuma kai ka san inda ƙwallo take zamewa, shi bai sani ba. Kafin ya gane ka cinye shi, ya yaba fili ya tafi. Mai Rariya ya tsinci ƙwallonsa ya bar wurin. Da ya shigo gida ma bai yi faɗa ba, sai dai ya ce, "Hajo, faranti nic ce."

"Nic ce, ai shi na, Malam, ɗan jirkice ɗai yay yi."

Ranar Asabar garin ya fito. Masu dariyar da su ne a gaba. Alhaji Bawa ya sa aka shimfiɗa masa buzu a kan tsibin tubalinsa, ya hau ya zauna da laima, wai ya ga abin da ake hana shi gini a kansa. Malam Bulus ya iso a kan babur, raket a ɗaure a baya. Aka gaisa, aka ba shi ruwa. Kafin a fara, Mai Rariya ya kama hannunsa ya kai shi tsakiyar fili, ya ajiye ƙwallo a ƙasa a gaban kowa. Su biyu suka tsaya suna kallonta tana tafiyarta.

"Malam Bulus, ga aibin hilina. In ta hwaɗa wancan gehe tana zamewa. Gara ka sani tun ba mu soma ba."

Abokansa suka sunkuyar da kai. Malam Bulus ya durƙusa ya ƙwanƙwasa ƙasar da yatsa, ya shinshina.

"Wa ya yi wannan aikin?"

"Mata."

"Da wane inji?"

"Da madaɓi."

Malam Bulus ya miƙe ya karkaɗe gwiwa. Sannan ya ce, "Mu buga tukuna. Magana sai an gama."

A nan ne Nana takan katse ta. "Inna, ke kin gani?"

"Ina ni ina taron maza? Ina nan bayan katanga, inda kike zaune, ina kaɗi. Kunnena yag gani."

Kuma da gaske kunnenta ya gani. Ta san bugun mijinta, ta ce busasshe ne, tas, kamar an karya kara. Na baƙo kuwa mai nauyi ne, ɗas, kamar an yar da kabewa. Da harshe take yi mana wasan gaba ɗaya, tas, ɗas, tas, ɗas, kanta yana bin ƙwallon dama da hagu, mu ma namu suna bi. In ta yi shiru mun san ƙwallo ta faɗa raga. Ta ce in mazarinta ya tsaya da juyawa, to numfashinta ne ya tsaya.

Baƙo ya ci zagayen farko. Mai Rariya ya ci na biyu. Kafin a shiga na uku, muryar da ta fi ta kowa tashi a wurin ita ce ta Alhaji Bawa. Ya yar da laima, ya miƙe tsaye a kan tubali.

"Buga mishi can, Malam! Can gehe! Kai, wanga baƙo ba shi gajiya? Ku ba Malam ruwa!"

Ruwan kuwa ya zo, amma ba wanda ya nema ba. Gabas ta yi baƙi, iska ta juya, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya riga hadarin isowa. Kafin a ankara ruwan farko na shekara ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Kowa ya ruga zaure. Malam Bulus yana matse rigarsa yana girgiza kai.

"Shi ke nan, Malam Ummaru. Mu a Goronyo in aka yi irin wannan, kwana uku filinmu tafki ne, har kwaɗi suna tarewa. Na Rabah ma haka. Sai wani jiƙon."

Inna ba ta faɗin sunan a nan, sai ta yi tari a wurinsa. Mu muke cike mata.

Ruwan bai daɗe ba ya ɗauke. Aka fito ana ɗage riguna. Lungu ya cika, ƙofar zaure ta cika, amma filin yana nan ja wur, babu ko tafin hannu na ruwa a kansa. Duk ya bi hanyar da aka nuna masa, ya gangara gabas. A gabas kuwa, inda tsibin tubali yake, babu tsibi. Ruwan sama ya doke shi ta bisa, ruwan fili ya ci shi ta ƙasa, ya zauna ya zama tulin laka kamar tuwon da ya kwana, buzun Alhaji a manne a samansa.

Alhaji Bawa ya je ya tsaya a gaban lakar. Ya dube ta, ya dubi filin, ya sake dubanta. Kowa yana jiran tsawa ta biyu.

"To ku mi kuka jira?" in ji shi. "A ƙare wasan mana! Malam na gaba hwa!"

Sai dai ruwa ya wanke layuka, kuma babu busasshiyar toka a waje. Ana cikin neman yadda za a yi, sai aka ga ƙwarya ta leƙo ta saman katanga, hannu ɗaya yana riƙe da ita, da lalle a yatsu. Mai Rariya ya je ya karɓa. Aka ja layi, aka koma wasa, aka yi ta yi har rana ta yi ja.

"Wa ya ci?" Tare muke tambaya, kullum.

"Baƙo yac ci. Da ƙyar."

"Haba Inna! Yau dai ki bari shi ci!"

"In yi ma mamaci ƙarya? Ku nemi wata kaka."

Mun yi roƙo, mun yi fushi, Rabi ta taɓa yi mata alkawarin tsifar kai na wata guda. Ba ta taɓa canzawa ba. Baƙo ya ci, da ƙyar, kuma Mai Rariya ya shigo gida jiƙe da gumi yana dariya kamar shi aka ba kofi. Don bayan wasan Malam Bulus ya tsaya a tsakiyar fili ya ce bai taɓa ganin filin da yake bushewa kafin mutum ya gama shan fura ba, bai kuma taɓa ganin mai masaukin da yake nuna wa baƙo aibinsa kafin a fara ba. Ya ce bana a Wurno za a haɗu.

"A hilin wa?" in ji Alhaji Bawa, hannu a bayan kunne.

"A filin Alhaji Bawa."

"To madalla. Ku ji hwa, jama'a."

Daga baya Mai Rariya da ɗalibansa suka yi masa sabon tubali, aka gina ɗakin albasar kusa da gonarsa a hanyar Magarya, inda ma ya fi masa sauƙi. In Inna ta kawo nan sai ta sauke hannu a hankali ta ce, "Ta hita layi. Kowa shi tono albasatai." Mu tono, mu hura, mu ɓare da yatsu masu zafi. Yawanci muna cikin lasar hannu ne ladan yake kiran isha'i.

Sauran rayuwar kakana a gutsure na tsince ta, wani daga Inna, wani daga mahaifina. Bai taɓa ɗaukar kofin jiha ba, ko da yake ya je gasar sau da yawa. Ɗalibansa ne suka ɗauko, suka kawo masa ya riƙe. Ya koyar a filin har gwiwoyinsa suka ƙi, sannan ya koma kujera a gefe yana nuni da sanda. A ƙarshen rayuwarsa ya fara koyar da 'yan mata da sassafe, bayan ya bi iyayensu gida gida kamar yadda matarsa ta taɓa bi. Kowace shekara kafin damina mata sukan taru su sabunta makuba, har abin ya zama al'ada, ana dama fura ana waƙar amarya mai tsalle.

Ina ƙarama na ɗauki darasin yadda Inna ta miƙo shi: ka nuna aibinka kafin a fara, ko da zai sa a cinye ka. Na tafi da shi makarantar kwana, na tafi da shi jami'a, kuma ya yi mini rana. Sau da yawa, in zan shiga wani abu da nake tsoro, nakan tuna dogon mutumin nan da ban taɓa gani ba yana ajiye ƙwallo a ƙasa a gaban gari guda. A wurina shi ne tatsuniyar. Inna kuwa mai ba da labari ce kawai, matar da ta yi kuskure irin na masu daɓen tsakar gida, Allah ya sa kuskuren ya zama alheri. Haka ta so mu ɗauka, haka muka ɗauka.

Ta rasu ina shekara ta biyu a jami'a. Rabi ta ɗauki raket, ni na ɗauki madaɓi.

Bara da na je gida hutu, na ji tas, tas daga bayan katanga, sai na zagaya. Filin yanzu siminti ne, an shafa masa koren fenti, 'yan mata huɗu suna wasa da dogayen wanduna, hijabansu suna kaɗawa. Mai koyar da su Malam Sani ne, ɗalibin kakana, gemunsa ya yi fari. Da na faɗi ko ni wace ce sai ya ba ni kujerarsa. Muka yi hira, na ce masa ashe dai an gyara karkatar nan da aka zuba siminti.

"Gyara? Wa zai gyara?" Ya ɗauki ƙwallo ya ajiye a ƙasa. Ta yi jim, sannan ta kama hanyar gabas.

Ya ce da injiniya ya zo zuba siminti, ya kafa na'urarsa ya auna, sai ya ce kada a taɓa. Ashe kowane filin tanis na ƙwarai da 'yar karkatarsa ake gina shi saboda ruwa, kuma wannan ta yi daidai. Abu ɗaya ne ya ɗaure wa injiniyan kai. Ya ce ƙasar unguwar nan gaba ɗaya yamma take gangarawa, wajen fadama. In an bar ruwa da kansa, yamma zai bi. Amma wani ya sa an jibga ƙasa kwando bayan kwando a gefen yamma, har sai da filin ya juya fuska. Ya yi ta tambaya wa ya ɗora wa kansa wannan wahala, kuma don me.

Malam Sani ya yi dariya har da share ido.

"Innata na cikin matan da sunka yi daɓen. Tac ce tun ranar hwarko kakarki ta ga tururuwa na kwasar ƙwai suna hawa bango, alamar ruwa ya kusa. Tad dubi sama, tad dubi tubalin Alhaji, tac ce, ƙasar nan dut a zuba ta yamma."

Na zauna ina kallon ƙwallon har ta isa kusurwar gabas ta tsaya. Ashe ruwa bai ce wa Inna komai ba. Ita ta gaya masa inda zai bi.